Mai Buga Fosta a Bayan Taminus

Ni ne mai injin nan na bayan Taminus,
shagon da rufinsa ke yoyo in marka ta sauka.
Wata uku ke nan ina kwana da fuskokin manya
waɗanda ko sunana ba su taɓa ji ba.
Duk murmushinsu iri ɗaya ne,
ni na san inda aka ƙara wa haƙora haske,
na san furfurar da na share da hannuna.

Na buga wa mai doguwar hula, na buga wa mai gajeriya.
Wanda ya rantse zai kawo wuta
da janareta na fitar da shi, lita goma sha biyu,
kuma yaronsa bai cika mini kuɗin ba har yau.
In na kira sai ya ce, Malam Tanimu, bari mu hau.
To, Allah ya hau da ku. Ni mai takarda ke bina.

Jiya Kachollom ta tsaya da buhun dankalinta,
ta taso daga Farin Gada, sanyi ya daskarar mata da yatsu.
Shekara ashirin muna ciniki, ba mu taɓa ƙirga canji ba.
Ta ce, kai da ke ganin gindin tukunya, wa zai ci?
Na ce ni tawada na sani, ban san gaibu ba.
Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba.
Ta ce yaran za ta kai su ƙauye tun ranar Laraba.
Ban ce mata don me ba.
Ita ma ba ta tambaye ni nawa ba.

A gida Ladidi ta fara ɓoye abubuwa:
mudu shida na garin masara, gishiri, ashana,
gawayi a ƙarƙashin gado.
Ba ta ambaci dokar hana fita ba,
garin nan ya koya mana karatun da ba a yi da baki.
Mun san shirun da ke sauka a kan titin Bauchi
wanda ko ɗan acaɓa ba ya ratsawa.

Amma ga Saratu, autata.
Kwana biyu ta yi a layi kafin katinta ya fito,
ta naɗe shi a leda kamar laya.
Ta karanta alkawuransu duka, har ta ja layi da jan biro.
Tana cewa, Baba, wannan karon za a ƙirga.
Ina kallonta, maganar ta zo mini har maƙogwaro,
sai in haɗiye, in ce ta miƙo mini shayi.
Wa ya sani? Rijiyar da ka fid da rai da ita
wani lokacin ita ke kawo ruwa a bazara.

Ni ba babban abu nake roƙo ba.
In wayi gari bayan an faɗi sakamako
in ji mai burodi yana danna hon ɗinsa.
In haura unguwar su Kachollom in yi mata barka da jika
ba tare da na lura da wa ke kallona ba.
Kuɗin makaranta ya daina gudu ya bar ni.
Wanda ya faɗi ya tafi kotu, kada ya aiko mana da 'ya'yan wasu.

Ran Asabar zan bi Saratu, in tsaya a bayanta.
Malamin zaɓe zai kama hannuna
ya rasa inda zai ɗiga alama,
don yatsun nan sun daɗe da yin baƙi.
Zan dangwala duk da haka.

Ragowar fostocin kuwa, Asabe mai ƙosai ta riga ta yi magana.
Ta ce wanda ya ci da wanda ya faɗi,
duk suna shan mai daidai.