Daƙiƙa Huɗu a Oulu

Ƙarfe uku da minti goma sha biyu na dare,
na'urar da ke tura ruwan zafi cikin bututun Oulu
ta yanke jiki ta faɗi.
Ba sallama, ba wasiyya.
Kafin asuba sanyi ya shiga gida ɗari huɗu a unguwar Tuira,
tsohuwa Hilkka ta kwana da safa biyu da rigar marigayi mijinta.

Ni aka kira. Tuulikki nake,
aikina tambayar gawa abin da ya kashe ta.

Gadon da ta bari: juyen ƙwaƙwalwarta,
gigabait sittin da huɗu,
an kwashe shi da ɗuminsa kafin tunanin ya huce.
Saƙon ƙarshe ya nuna mini inda ta faɗi.
Na gode.
Ni inda ta yi tuntuɓe nake nema.

Can a ciki akwai zobe,
littafin da ƙwayar tsarin ke rubuta wa kanta:
wa ya shigo, wa ya fita,
wa ya karɓi mabuɗi bai mayar ba.
In ya cika, ba ya neman sabuwar takarda,
sai ya juyo ya ci wutsiyarsa,
sawun giwa ya take na raƙumi.
Saboda haka jiya ba ta nan.
Ƙarfe biyu ma ba ya nan.
Daƙiƙa huɗu kacal aka rage mini.

Ma'aikata takwas ne a cikinta, kowa da zobensa.
Kan shafi kaɗai ake rubuta lokaci,
sauran duk "bayan wancan da kaza", "bayan wannan da kaza",
in ka ɓata lissafi ɗaya, ka ɓata zuri'a.
Na zauna ina ƙulla su kamar mai gyaran koma,
kofi ya yi sanyi, na sake ɗumamawa, ya sake yi.
A waje motar kwashe ƙanƙara ta wuce sau uku.

Shafin ƙarshe rabi aka rubuta.
Manhajar karatu ta ce wannan shara ce, ta tsallake.
Ni ban tsallake ba.
Na bi shi da yatsa a kan allo, lamba bayan lamba,
yadda ake kasa kunne ga bakin majinyaci.

Ga shi.
Na uku ya share ɗaki, ya ce babu kowa, ya ba da haya.
Na bakwai yana riƙe da tsohon adireshi a aljihu.
Tsakaninsu abin da bai kai ƙiftawar ido ba,
kashi goma sha ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.
Na bakwai ya tura ƙofa, ya tarar da kayan baƙo,
ya ɗauka nasa ne, ya karanta, ya bi kwatance,
kwatance ya kai shi inda babu ƙasa.

Sati biyu ina zargin Veikko da sabon famfonsa,
har na daina zama kusa da shi a kantin abinci.
Ana zaton wuta a maƙera.
Na buɗe tarihin layin don in ga mai laifi:
shekara shida da suka wuce, watan Yuni, ƙarfe ɗayan dare,
lokacin da rana ba ta faɗuwa, mutum ya ɗauka ya ga komai.
A gefe an bar 'yar magana:
"Wannan ba zai taɓa faruwa ba."
Ƙarƙashinta sunana.

Gyaran layi uku ne.
Na goge maganar, ban sa wata ba.
Na faɗaɗa zoben ya riƙa ɗaukar minti guda.

Wajen sha ɗaya gari ya ɗan yi ja-ja ta bakin teku.
Bututun da ke ƙarƙashin tagata ya yi ƙwas, ya sake yin ƙwas,
ɗumi ya fara hawa.
Na zuba kofi biyu,
na nufi teburin Veikko.