Gaba Goma Sha Ɗaya

A taswira ɗigo ne shuɗi,
bai kai kan allura ba,
ba suna, ba hanya, sai lamba a gefe.
Daga inda mota ke juyawa
yini biyu ne a ƙafa,
in sauro ya yarda.

Kakata Gáddjá ta san shi kamar yunwar cikinta.
Gaɓar arewa dutse ne tsaye, baƙi ƙirin.
Ta kudu fadama ce mai haɗiye takalmi,
gansakuka, da itatuwa masu farin ɓawo
da iska ta hana su miƙewa.
Rafi uku ke shigowa.
Mafita kuwa ba wanda ya taɓa gani;
sai ka kwanta, ka kasa kunne a tsakuwar yamma,
ka ji shi yana sulalewa ta ƙasa
kamar baƙon da ba ya son sallama.

Tsibirin? Kada mu cika baki:
falalen dutse ne, shimfiɗar mutum biyu,
dinya ɗaya ke mulkinsa duk bazara.

Wata shekara safiyo ya zo da na'ura mai ƙyafta ido,
ya rubuta zurfi, ya sha kofi, ya tafi.
Kakata ta jira ya ɓace bayan tudu,
ta ɗaura dutse a igiya, muka tura kwalekwale.
Gaba goma sha ɗaya, da hannunta,
can tsakiya, inda kifi ke fakewa
a watan da rana ke ƙin faɗuwa.
Da nawa hannun tara da rabi ne.
Tafkin bai ragu ba, ni na yi tsawo.

Ga abin da takarda ba ta ɗauka ba:
dama da tsibirin, taku arba'in,
akwai idon ruwa a ƙarƙashi.
Wata bakwai ƙanƙara na rufe ko'ina,
har a kora garke a kanta,
amma a nan ɓawon ƙwai ce.
Nan Heaika ya rasa barewar da ke jan kayansa.
Ya dawo da igiya kaɗai, gemu a daskare,
bai sake ambaton sunanta ba.

A ƙyauren bukka kakata ke tsaga da wuƙa,
kwana nawa daga dawowar rana
zuwa ranar da tafkin ya fashe.
Na ɗora daga inda ta tsaya.
Layukana sun fi nata gajarta.
Bana ma sau biyu na ƙirga,
na mayar da wuƙar kube,
na gangara ɗebo ruwan kofi.