Lemon Yana Hagu

Shekarata sha shida, farcena bai taɓa fita tas ba.
Shuɗi a babban yatsa, ja a ɗan ali,
ragowar fentin shagon Kawu Mahjub
da ke bakin tashar Kassala,
inda muke rubuta wa manyan motoci addu'a a ƙeya,
mu sa wa raksha kwalli kamar za ta biki.

Kawu ya ce zane shi ne abin da direba ya biya.
Ustaz Tijjani ya ce a yi shi bayan lissafi,
in lokaci ya ragu.
Inna kuwa tsoronta ɗaya:
"Duk fuskar da ka zana, Ishaƙ,
gobe ƙiyama za a ce ka hura mata rai."
Na ce to, na koma kan duwatsu.
Na zana dutsen Taka ya fi sau arba'in,
da safe kamar tukwanen da aka kife,
da yamma kamar raƙuman da suka durƙusa,
har na gaji da dutsen da ba ya ce mini komai.

Sai aka sauke baƙi a makarantarmu.
Aka fitar da bencina waje,
igiyar shanya ta tashi daga allo zuwa taga.
A kusurwar da nake zama
wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma,
Hajja Batul, mutuniyar Madani.
Abin da ta fito da shi duka
butar gahawa ce, da makulli ɗaya ƙulle a bakin mayafi.
Ta gan ni da gawayi ina ɓata bayan kwali,
ta ce, "Yaro, ka iya gida?"

Na ce na iya.
Ta lumshe ido, ta fara lissafo mini:
ƙofar ƙarfe, koriya,
ta yi tsatsa a ƙasa inda ruwan wanki ke bi.
Randa biyu a rumfa.
Gadon igiya a tsakar gida, ƙafarsa ɗaya bulo ne.
Bishiyar lemo.

Kwana uku ina satar fenti a murfin kwalba.
Da na kai mata ta duba, ta yi shiru,
shirun da ya sa na ɓoye hannuwana a aljihu.
Can ta ɗora yatsa:
"Ka kai lemon dama. A hagu yake, jikin famfo.
Maigidana ya dasa shi shekarar da na haifi Nazar."
Na kankare, na sake.
Ta ce, "Yauwa. Ga inuwa ta faɗi inda nake tankaɗe."
Ta rataye kwalin a ƙusar da taswira take a da,
ta dafa mini gahawa mai citta, finjali uku.
Ban taɓa karɓar lada irin wannan ba.

Tun ranar na gane kunne ke fara zane,
hannu ɗan aike ne.
Inna ta je ta gani, ta daɗe a tsaye,
ta ce, "Babu fuska a ciki."
Ta gyara mayafi, ta ƙara da cewa, "Amma akwai mutane."

Ina so in hanya ta buɗe in je Khartum
in koyi yadda ake haɗa launin ruwan Gash
ranar da ya iso da laka.
Ina son zane a kan ƙyalle na gaske,
da buroshin da gashinsa ba ya zuba.
Ba zan ɓoye ba, ina son sunana a ƙasan hoto,
ina son kuɗin da zai saya wa Inna firji.

Amma gobe akwai motar Gadarif,
direban yana son mikiya da fikafikai buɗe.
In na gama, in wanke hannu da kananzir,
mutum huɗu na jirana a ajinmu,
kowa da gidansa a baki,
ni kuwa koren fentina ya kusa ƙarewa.