Ambulan Mai Hatimi

Tun asuba na baro Idi-Araba,
danfo ta juye ni a Obalende,
ƙafa ta ƙarasa sauran.
Ga ni a kotun Ikoyi, ni Tasallah,
da ban taɓa kai ƙarar ko akuya ba.

Shekara tara Nafi'u na riƙe min taɓarya.
Ni na koya masa sauraren turmi,
yadda amonsa ke sauyawa in citta ta sallama.
Bara ya ce zai leƙa gida.
Ashe gidan a Ikeja yake, mai injina da maigadi.
Yanzu yajina na zaune a kantunan Lekki
cikin kwalba mai jan murfi,
da ɗan harafi a da'ira,
wai shi ne shaidar mai abu.

Lauyata, 'yar gidan Ogunbiyi, ta ce,
"Mama, doka na kare sirri,
amma sai kin nuna kin kulle shi.
Ya sa hannu a takarda?"
Na ce ya dai sa hannu a akushina.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.

Alƙali ya ce a rubuta haɗin,
a liƙe ambulan, a buga hatimi,
ba mai gani sai shi da masana biyu.
Ka ji shari'a: kafin a yarda ƙulli ne
sai na kwance shi.

Na rubuta masoro, kimba, kanumfari,
ƙuliƙulin da ya kwana biyu, ba uku ba.
Da aka zo awo, biro ya cije.
Giram nawa ne "har hanci ya yi ƙaiƙayi"?
Da damina, in iskar teku ta jiƙa gishiri,
hannu ne ke ragewa,
bai taɓa gaya min nawa ba.

Lauyansu ya miƙe: "Ke wa ya ba ki?"
Innata.
"Ita fa?"
Wata Banufiya a Agege, ranar suna,
a bakin murhu, kyauta.
Sunanta ma ya ɓace mana.
Kotu ta yi tsit, fanka kaɗai ke magana.

An ɗage zama sai bayan hutun alƙalai.
A matakala muka yi kiciɓis da Nafi'u,
kai a sunkuye, kwat ta yi masa yawa.
Tun jiya na sayi kwalbarsu na lasa.
Na ce, "Kimbarku tana ƙonewa. Rage wuta."

Sai da na hau mota na tuna
lauyata ta hana ni ƙara masa ko kalma ɗaya.