Taku Tara a Sabongari

Tsakanin katangar Baba Talle da bakin lambatu
akwai wata 'yar ƙasa, taku tara a tsaye, biyu a kwance.
Ba ta cikin takardar gidansa.
Ta hukuma ce, in ji masu awo.
Shi dai ya ce bai taɓa ganin hukuma da lauje ba.

Shekara talatin yana ɗaga wa jirgin Yawunde tuta
a tashar Ngaundere, rana da ruwa.
Ran da aka sallame shi, kiri-kiri ya ɗebo a kwano
daga bayan tasha, inda famfo ke ɗiga,
ya durƙusa ya dasa ta layi-layi
kamar mai yi wa ƙasa kitso.

Ni nawa gefen da siminti na shafe,
buhu huɗu, na karkaɗe hannu.
Na ce, Baba, ciyawar nan miya ake da ita?
Ya ce, simintin naka fa, tuwo ake da shi?

Damina nan garin ba ta san wasa ba,
abin da ka yanke Talata, Juma'a ya tsaya yana kallonka.
Rani kuwa da ruwan alwala ya raine ta,
da na wankin shinkafa, in Goggo Ladidi ta tuna.
Ya yi rigima da ƙarangiya har yatsunsa suka yi kanta,
ya yi da baƙar leda, ya yi da 'yan moto
masu jingine ƙarfensu su zubar da baƙin mai.
Awakin Inna Dudu kaɗai ya ƙyale.
Ya ce su ma wanzamai ne,
ba su dai san inda aski ke ƙarewa ba.

Wata shekara masu jan bututu suka zo da diga.
Bai ce musu uffan ba.
Ya riga su, ya yanko ciyawar fai-fai da saiwarta,
ya jera kan tsohon kwano a zaure
kamar wainar da ke jiran mai saye.
Da suka cike raminsu suka tafi, ya mayar,
kowace inda ya ɗauko ta.

Bana ne ɓarin jikinsa na dama ya ƙi shi.
Ciyawa ta kai idon sawu, ta kai ƙwauri,
tofa ta shigo baƙunta, ta zama 'yar gida.
Wani ya ce ya ga maciji. Wani ya ce a yi feshi a huta.
Shi yana kan kujera a bakin ƙofa,
hannu ɗaya a cinya kamar kayan aro,
yana kallo.

Ni kuma simintina ya tsage tun bara.
Da na duba tsagar ran nan bayan sallar asuba,
kiri-kirinsa ce ta rarrafo ta ƙarƙashi,
ta leƙo, kore shar, ba ko sallama.

Na shiga na ce Goggo ta ba ni laujen.
Ƙotar ta lotsa daidai tafin wani, ba nawa ba.
Na yi yankan ɗan koyo, nan tudu, nan kwari,
raɓa ta jiƙe min wando har gwiwa,
ƙanshin ɗanyar ciyawa ya cika layin
har mai ƙosai ta ɗago kai.

Sai na ji wata murya, karkatacciya, daga kujera.
Na matsa, ban gane ba. Ya sake.
Ya ɗaga hannun da ya rage masa:
yatsa biyu.
Ka bar mata yatsa biyu, kar ka kai ƙasa.

Yau mako bakwai ke nan.
Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya warke.
Ta cikin tsagar nan kuwa,
har yanzu ban tuge ta ba.