Takardar da Ba Ta Rufa Asiri

A Makola na saye ta, falle goma.
Mai shagon ta naɗe mini ita a tsohuwar jarida,
ta ce kar in bari iskar teku ta shafe ta.
Na rungume ta a tirotiro har Nima
kamar wadda aka ba riƙon jinjirin wata.

Takarda ce shara-shara,
ba fara ba, ba gilashi ba,
kamar yanar da ke kan koko in ya soma hucewa.
Ɗora ta a tafin hannunka ka gani:
zanen tafin yana nan,
sai dai ya yi nisa.

Na kwantar da ita a kan ƙarfen yanka,
na rufe da faranti, na murɗa hannun inji.
Ƙaras, in ji ta daga ciki.
Da na buɗe, ga ganye har da jijiyoyinsa.
Na sa allura ina tsince ɓarɓashi daga ramuka,
ɗaya bayan ɗaya,
aikin da ba ya son mai gaggawa.

Baba Mumuni ne ya koya mini,
a ɗan shagonsa da ke bayan gada.
"Barikisu," yakan ce, goro a kunci,
"kwali mutumin kirki ne,
ki zuba masa gam, ya shanye, ya yi shiru.
Wannan kuwa ba ta rufa asiri.
Ɗigo guda, sai ta nuna wa duk unguwa.
Ki nemi inda dutsen ado zai zauna,
nan za ki ɓoye ɗigon.
In babu, ɗauko zare ki ɗinke."

Yau kati sittin ne a gabana,
na sadakar arba'in ɗinsa.
Hoton da iyalinsa suka kawo
shi ne wanda ya ɗauka don fasfo,
tafiyar da bai yi ba.

Wuta ta ɗauke tun magariba.
Injina ba ruwansa, hannu yake ci.
Na jingina waya a jikin gwangwani tana haska mini.
Maƙwabciya na suyar kifi,
ta miƙo mini ta taga, na ce a ajiye,
don yatsa mai maiƙo in ya taɓa takardar nan
ya sa hannu ke nan har abada.

Sai na ɗora ganyen a kan fuskarsa.
Ga hular, ga tabon da ke gefen gira,
ga shi nan duka,
amma kamar yana tsaye bayan labule
yana jiran a ce ya shigo.

A kati na talatin da bakwai
wani abu ya ɗiga, ba gam ba ne.
Ganyen ya nannaɗe, ya ƙi kwanciya.
Na danne da dutsen guga, ya ƙi.
Na nemi dutsen adon da zai rufe wurin,
babu mai girmansa.

Da asuba Sahadatu ta zo karɓa.
Ta lasa yatsa, na buge hannun.
Ta ƙirga sau biyu.
"Hamsin da tara ne, Yaya."

Na ce ɗaya ya lalace a yanka.
Ta dube ni,
ta dubi aljihun rigata,
ta ɗaure kayanta ba ta ce komai ba.