Abin da Mai Buga Takardu Ya Ce a Jega

Lubabatu, jawo benci ki zauna.
An ɗauke wuta, na'ura ta yi shiru,
sai mu yi zancen littafinki da baki.
Shekara talatin nake buga rubutun mutane
a wannan rumfa ta bakin tasha:
na buga koke, na buga takardar rabon gado,
na buga labarai goma sha bakwai,
uku kaɗai suka hana ni barci.

Naki na karanta shi daren Laraba.
Shafi takwas kina gaya mini gari ya waye.
Na sani, ɗiyata, kullum wayewa yake.
Fara daga inda Arzika ya buɗe rumbu
ya tarar albasar bana ta ruɓe tun daga ƙasa,
ga mai bin bashi a zaure yana gyaran murya.
Nan labari ya miƙe da ƙafarsa.

Kin rubuta, "Ya yi baƙin ciki matuƙa."
Wa ya auna? Da wane mudu?
Nuna mini shi tsugune yana tsintar albasa,
yana sansana kowace, ko guda za ta tsira,
har aka kira la'asar bai ji ba.
Bar ni in yi baƙin cikin da kaina,
kada ki tauna ki ba ni.

Mutanenki duk baki ɗaya gare su,
direba da alƙali da mai suyar ƙosai,
kowa na zuba Hausa kamar mai karanta labarai.
Shiga kasuwa, ki bar biro cikin jaka,
ki saurari Tumba tana cinikin manja:
ba ta ƙarasa magana, rabi take sakewa,
"albarka" ɗinta iri uku ce,
ɗaya kora, ɗaya tayi, ɗaya zagi.
Mutum ba ya faɗin abin da ke ransa kai tsaye,
kewaye yake, kamar akuya a turke.

Ɗantani kuwa, mugun naki,
kin hana shi uwa, kin hana shi ko ciwon haƙori.
Ba shi ɗiya mai jiran tsarabarsa,
ba shi wani bashin da shi ma ake binsa.
Ina so in ƙi shi, gabana yana faɗuwa
don na hango kamata a fuskarsa.

Af, ina Hantsi?
Kin aike shi sayen fetur a babi na huɗu,
littafi ya ƙare, yaro bai dawo ba.
Sayi ƙaramin littafi na naira ɗari,
ki jera kowa: shekarunsa, tabonsa, inda kika bar shi.
Matar da ke da ciki a damina
kada ta kai damina biyu tana jira.

Kada ki zauna jiran ilhama, ba ta da lokaci.
Shafi ɗaya bayan asuba, kafin ki hura wuta,
ko ya yi kyau ko bai yi ba.
Gulbin can da ke bayan gari
ba rana ɗaya ya cinye gaɓarsa ba.
In kin gama, rufe shi kamar daddawa,
wata guda kada ki leƙa.
Sannan ki karanta da ƙarfi, ke kaɗai a ɗaki:
duk inda numfashi ya sarƙe, akwai ƙaya,
duk inda kika yi hamma, ni tuni na yi barci.

Wa'azin nan na shafin ƙarshe, cire shi.
Na san kina sonsa, shi ya sa.
Mai karatu ya yi tafiya da ke har gida,
ba sai kin nuna masa ƙofa ba.
Tsaya inda Arzika ya ɗauki kwandon iri
ya nufi fadama, bai ce wa kowa komai ba.

To, ga wuta an maido.
Karɓi kayanki, yau ba na bugawa.
Kawo shi bayan girbi, ya rame kaɗan,
rabin kuɗi zan karɓa.
Ki dawo mini da Hantsi dai.